Kananzir Ɗin da Ramla Ta Sayo

A unguwar Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina, akwai wata yarinya mai suna Ramla. Shekarunta goma sha ɗaya, tana aji biyar a firamare. Tana da kaifin kai, amma ba ta iya zama wuri ɗaya. In an aike ta, sai ta leƙa nan, ta leƙa can, kafin ta dawo.

Wata ranar Litinin da yamma, gas ɗin girkinsu ya ƙare. Mama ta jawo tsohon risho daga bayan ƙofa, ta kakkaɓe shi. Kwana biyu ke nan tana fama da mura, muryarta duk ta dishe.

"Ramla! Zo ki ɗauki jarkar nan ki sayo mani kananzir wajen Malam Gwadabe. Ki ce ya cika ta. Kada ki tsaya ko'ina, kin ji ni?"

"To, Mama."

Malam Gwadabe dattijo ne mai farin gemu. Yana da ɗan tebur a gindin darbejiya, da duro ɗaya na kananzir. Tun kafin a haifi Ramla mutanen unguwa suke saye a wurinsa. Ya sa mazurari ya cika jarkar, ya ɗaure bakinta.

"Ɗiyata, murfin nan ba shi da ƙarfi. Ki riƙe ta a tsaye."

"To, Baba."

A hanyar komawa ta tarar da ƙawayenta suna 'yar gala-gala. Ta tsaya. Ta dubi hanyar gida, ta dubi zanen da aka yi a ƙasa.

"Wasa ɗaya kawai," in ji ta.

Ta ajiye jarkar a kan dutse. Wasa ɗaya ya zama uku. A na ukun ta yi tsalle da baya, dunduniyarta ta bugi jarkar. Jarka ta kife, murfi ya yi gefe. Kafin ta kai hannu, ƙasa ta shanye kusan kofi biyu.

Ramla ta ɗauki jarkar ta nufi gida, tana tafe tana jijjiga ta, kamar jijjigar za ta sa ta cika.

A zauren gidansu akwai wata gora a lungu. Fetur ne a ciki, wanda babanta, Malam Mudassir tela, yake zuba wa ɗan injin wutar shagonsa. Ramla ta tsaya tana kallon gorar. Ta saurara. Ba kowa.

"Ai duk mai ne," ta ce a ranta. "Da wannan da wancan, duk wuta ake kunnawa da su."

Ta buɗe gorar, ta tsiyaya har jarka ta cika. Ta mayar da komai yadda yake, ta goge hannunta a jikin bango, ta shiga da sallama.

"Kin daɗe," in ji Mama.

"Da mutane a wajen."

Mama ta zuba man a risho. Hancinta a toshe yake, ba ta ji wani wari dabam ba. Ta ƙyasta ashana, ta miƙa hannu.

Ashanar ba ta ma kai ga lagwani ba.

Fau!

Wuta ta tashi sama, ta fi tsayin Ramla. Ta lashi hannun Mama, ta kama gefen zanenta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Allah ya taimaka, a lokacin Baba yake shigowa. Ya fizgi buhu, ya tsoma a bokitin ruwa, ya rufe rishon da shi. Ya kashe gefen zanen da tafin hannunsa. Sannan ya riƙe hannun Mama yana ta kwarara masa ruwan sanyi.

Ramla tana manne da bango.

Da suka dawo daga asibiti, hannun Mama na naɗe da farin bandeji. Baba ya ɗauki jarkar ya shinshina. Fuskarsa ta canja.

"Wannan ai da fetur a ciki! Ramla, ina kika sayo shi?"

"Wajen Malam Gwadabe."

"Kin tsaya wani wuri?"

Ramla ta dubi bandejin Mama. Ta dubi idon Baba, ya yi ja.

"A'a," in ji ta.

"Taho mu je."

Kafin su isa gindin darbejiya, labari ya riga su. Mutane sun taru. Baba ya ɗaga jarkar sama.

"Malam Gwadabe, haka za mu yi da kai? Ka gauraya kananzir da fetur ka sayar ma yarinya? Saura kaɗan gidana ya ƙone da iyalina a ciki!"

Malam Gwadabe ya miƙe tsaye.

"Malam Mudassir, ka ji tsoron Allah. Wallahi ban taɓa yin haka ba. Da wannan kananzir ɗin ake girki a gidana."

"To daga ina fetur ya shiga? Daga sama?"

Wani saurayi daga baya ya ɗaga murya. "A kifar da duron kawai!"

Mai unguwa ya iso yana dogara sanda. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ba wanda zai taɓa duron nan. Malam Gwadabe, ka rufe shi, kada ka ƙara sayar da ko ɗigo. Ranar Laraba bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidana. In laifi ya tabbata, ka bar sana'ar nan a unguwar nan, kuma magana ta wuce gaba."

Malam Gwadabe ya juyo ya dubi Ramla. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Ramla ta sunkuyar da kai, ta ɓuya a bayan rigar Baba.

Ranar nan ba a yi tuwo ba. Maƙwabta suka aiko da shinkafa da wake. Ramla ta yi loma biyu ta ture kwanon. Ta zauna a tabarma, ta tashi. Ta je bakin randa ta sha ruwa, ta dawo, ta sake komawa.

"Ke lafiya?" in ji Mama.

"Lafiya lau."

"Tsoro ne kika ji. Zo nan."

Mama ta rungume ta da hannu ɗaya. Wannan ya fi duka zafi a wurin Ramla. Ta zame ta fita tsakar gida.

Washegari a makaranta abin ya ƙaru. Hajara, 'yar autan Malam Gwadabe, ajinsu ɗaya da Ramla, kuma bencinsu ɗaya. Lokacin tara, wasu yara suka kewaye ta.

"Ɗiyar mai sayar da gobara! Ɗiyar mai sayar da gobara!"

Hajara ta kifa kai a benci tana kuka. Da yaran suka watse, ta ɗago ta dubi Ramla.

"Ramla, ke kin ga lokacin da ya zuba maki. Kin ga ya sa wani abu?"

"Ni... ban lura ba."

"Jiya Baba ko abinci bai ci ba. Yau ma bai fita ba."

Ramla ta fara tauna bakin alƙalaminta. Da aka dawo aji, ƙafarta ta yi ta bugun benci, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta nemi izinin fita sau biyu. A karo na uku Malama Halimatu Sa'adiyya ta ajiye alli.

"Ramla, zo nan. Mi ke damunki yau? Tun safe kamar kina zaune a kan ƙaya."

"Mamana ce ta ƙone, Malama."

"Na ji labari. Allah ya ba ta lafiya. Shi ke nan abin da ke damunki?"

Ramla ta kawar da kai.

"Shi ke nan, Malama."

Malama ta ɗan jima tana kallonta. "To. In akwai saura, kin san inda nake."

Da yamma Gwaggo Furera ta zo duba Mama. Ƙanwar Baba ce. Tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, inda ake auna fetur da kananzir da sauran sinadarai, a ga ko suna da hatsari. Bayan an gaisa, an yi jaje, Baba ya kwashe labari ya faɗa mata.

"Yaya, kun gwada wanda ke cikin duronshi?" in ji Gwaggo.

"Mi za a gwada? Hancina ya gaya mani."

"Hancinka ya gaya maka abin da ke cikin jarkarka. Bai gaya maka abin da ke cikin duron Malam Gwadabe ba. Mutuncin dattijo ne fa, Yaya. Ka bari in ɗebi duka biyun in auna."

Baba ya ce, "To, auna. Ni kwanan nan komai ya rikice mani. Ko fetur ɗin injina na ga ya ragu. Halan zafin nan ne ke shanye shi."

Kofin da ke hannun Ramla ya suɓuce. Ruwa ya fallatsa a tabarma.

Gwaggo ta juyo ta dube ta.

Ta fito da kwalabe biyu masu tsabta daga jakarta. Ta cika ɗaya daga jarkar gida. Sannan ita da Baba suka je, a gaban mai unguwa, ta cika ɗayar daga duron Malam Gwadabe. Ta toshe su sosai, ta manna wa kowace takarda. Da za ta tafi, ta tsaya a bakin zaure.

"Ramla, kin daɗe kina roƙona in kai ki wajen aikina. Gobe in an tashi makaranta zan zo in ɗauke ki."

"Gwaggo, ina da Islamiyya."

"Na nemar maki izini wajen babanki. Ke kika ɗauko man, dole sunanki ya shiga takarda."

Ranar Laraba Ramla ta yi fatan kada a kaɗa ƙararrawar tashi. Aka kaɗa. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofar makaranta. Suka hau adaidaita. Duk hanya Ramla tana murza bakin hijabinta, har ya yamutse.

Ɗakin gwajin fari ne tas, da sanyi kamar cikin randa. Kwalabe jere a kan kanta, kowace da sunanta. A bakin ƙofa akwai jan tulun kashe gobara da bokitin yashi. Gwaggo ta gaisa da shugaban wurin, ta nemi izini. Ya yarda, da sharaɗin yarinya ba za ta taɓa komai ba.

Gwaggo ta sa farar riga da safar hannu da tabarau. Ta ba Ramla wani tabarau. Ta nuna mata wani layi mai ruwan ɗorawa da aka ja a ƙasa.

"Nan za ki tsaya. Ko mi kika gani, kada ki tsallake layin nan."

A kan tebur akwai wata na'ura. A tsakiyarta ɗan kofi ne na tagulla mai murfi. An soka ma'aunin zafi ta cikin murfin. A gefe kuma ga wani siririn bututu.

"Bari in tambaye ki," in ji Gwaggo. "In an kunna mai, mi ke kamawa da wuta?"

"Man."

"Haka kowa ke cewa. Amma ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinshi ne. Kowane mai yana fitar da tururi, ko da ido bai gani. In ya yi zafi, tururin ya ƙaru. Akwai zafin da in ya kai, tururin ya isa ya kama da zarar ya ga wuta. Wannan zafin muke nema. Mu a nan muna ce mashi filash foyin."

"To in an same shi fa?"

"Shi ke gaya mana ko mai yana da hatsari. Kananzir mai kyau ba ya kamawa sai ya wuce digiri talatin da takwas. Shi ya sa ake iya ajiye shi a ɗaki, a zuba a risho."

Ramla ta ce, "Fetur fa?"

"Fetur? Ko cikin ƙanƙara kika sa shi, tururinshi a shirye yake. Ba ya jiran zafi, wuta kawai yake jira."

Gwaggo ta ciro kwalaben biyu daga cikin bokitin ƙanƙara. Ta ce dole a sanyaya su tukuna, don a fara gwaji daga ƙasa. Ta ɗauki ta Malam Gwadabe, ta zuba a kofin daidai wani zane, ta rufe. Ta kunna bakin siririn bututun. Wata 'yar wuta ta fito, ba ta fi ƙwayar gero biyu ba.

"Zan riƙa ɗumama shi a hankali. Duk digiri ɗaya, zan buɗe 'yar tagar murfin, wutar nan ta leƙa ciki. Ke kuma ki riƙa karanta mani lambar da ke jikin allon can."

Ramla ta fara karantawa. "Goma sha biyar."

Ƙyas. Taga ta buɗe, wuta ta leƙa, taga ta rufe. Ba abin da ya faru.

"Ashirin."

Shiru.

Lambar tana hawa a hankali, kamar ba ta so. Ramla ta tsaya da ƙafar dama, ta koma ta hagu. Ta gyara tabarau. Ta soshi wuya. Wani ɓangare na zuciyarta yana so man ya kama da wuri, don ta tsira. Da ta gane abin da take fata ke nan, sai kunya ta rufe ta.

"Talatin da takwas," ta ce da ƙaramar murya.

Ƙyas. Shiru.

"Arba'in. Arba'in da uku. Arba'in da shida."

Ƙyas. Sai ga wani shuɗin haske ya gilma a cikin kofin. Fut! Ya ɓace nan take.

"Arba'in da shida," in ji Gwaggo, tana rubutawa. "Wannan kananzir ne mai kyau. Ba komai a cikinshi."

Ta juye kofin a mazubin da aka tanada. Ta wanke shi, ta busar, ta jira ya huce sarai. Ramla ta ji jiran nan kamar shekara. Sannan Gwaggo ta zuba na jarkar gida, ta rufe.

"Nawa?"

"Goma."

"Ko ɗumama shi ban fara ba. Duba."

Ƙyas.

Fut!

Shuɗin hasken ya cika kofin tun leƙawar farko. Ramla ta zabura ta ja da baya.

Gwaggo ta kashe 'yar wutar. Ta cire safar hannu, ta zauna a kujera.

"Kin gani? Yana da sanyi kamar ruwan firji, amma ya kama. To ki tuna zafin kicin ɗinku ranar Litinin. Lokacin da mamanki ta zuba shi, tururi ya riga ya cika wajen. Da jarkar na kusa da rishon a buɗe, da yanzu wata magana ake yi."

Idanun Ramla suka cika da hawaye.

Gwaggo ta jawo wata takarda. "Saura abu ɗaya. Dole in rubuta hannun da man ya bi. Daga duro zuwa jarka, Malam Gwadabe. Daga jarka zuwa risho, mamanki. Tsakanin gindin darbejiya da kicin, wa ya riƙe?"

"Ni."

"An buɗe jarkar a hanya?"

Alƙalamin Gwaggo yana tsaye a kan takarda.

Ramla ta fashe da kuka.

"Ni ce, Gwaggo! Ni na zuba! Na tsaya wasa ya zube, na ji tsoron faɗa, na ƙara da fetur ɗin Baba. Na zaci duk ɗaya ne. Wallahi ban san zai ƙona Mama ba!"

Gwaggo ta tashi ta zo ta riƙe ta. Ta bar ta ta yi kukanta har ya lafa. Sannan ta cire mata tabarau, ta share mata fuska.

"Na yarda ba ki sani ba. Wancan kuskure ne na rashin sani. Amma da babanki ya tambaye ki, kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

"Da aka tara ma Malam Gwadabe jama'a fa?"

"Na sani."

"To wannan shi ne babban. Na'urar nan ta wanke Malam Gwadabe. Amma ba za ta iya faɗin wanda ya zuba ba. In kin yi shiru, wasu za su ce ya canja man duron ne kafin in ɗiba. Zargin ba zai bar shi ba."

"Baba zai dake ni."

"Zai yi fushi, kuma yana da gaskiya. Zan tsaya kusa da ke. Amma bakinki ne zai faɗa, ba nawa ba."

Suka isa gida ana kiran la'asar. Baba yana alwala a tsakar gida, Mama na zaune a kan tabarma. Ramla ta durƙusa a tsakaninsu. Ta faɗi komai, tun daga 'yar gala-gala har zuwa gorar zaure. Ba ta rage komai ba.

Baba ya ajiye buta.

"Kin sa na ci mutuncin dattijo a gaban jama'a," ya ce a hankali. "Mutumin da ya girme ni."

"Ka yi haƙuri, Baba. Mama, ki yafe mani."

Mama ta dubi hannunta, ta dubi 'yarta. "Ramla, da kin ce mani ya zube, mi zan yi maki? Faɗa ne kawai, ya wuce. Kofi biyu na kananzir ya kai darajar hannuna?"

"A'a, Mama."

"Na yafe maki. Amma ba ni kaɗai kika ɓata ma ba."

Baba ya miƙe. "In na dawo masallaci, ki sa hijabinki. Tare za mu je. Ni ma ina da nawa laifin. Na ajiye fetur a gorar ruwa inda yaro zai kai hannu, kuma na yanke hukunci ban bincika ba."

A ƙofar gidan mai unguwa mutane sun fi na ranar Litinin yawa. Malam Gwadabe yana zaune a gefe, ya rame cikin kwana biyu. Gwaggo ta miƙa wa mai unguwa takardar gwaji, ta yi bayani a taƙaice. Na duro ya kama a arba'in da shida, lafiyayye ne. Na jarka ya kama tun yana da sanyi.

"To wa ya zuba fetur a jarkar?" in ji mai unguwa.

Ramla ta ji kamar ta ruga. Ta waiwaya, ta ga Gwaggo a bayanta. Ta tako gaba.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ta sake faɗin labarin, wannan karon a gaban kowa. Wurin ya ɗauki salati. Saurayin nan da ya ce a kifar da duro ya sulale ya bar wajen.

Baba ya cire hularsa, ya je gaban Malam Gwadabe ya russuna.

"Malam, na zalunce ka. A gaban jama'a na zarge ka, a gabansu nake roƙon ka yafe mani."

Ramla ma ta durƙusa a gaban Malam Gwadabe. "Baba, ka yafe mani don Allah."

Malam Gwadabe ya share idonsa da bakin rigarsa.

"Alhamdu lillahi. Kwana biyu ina tunanin ko wajen sari aka cuce ni, na sayar ma mutane abin da zai kashe su ban sani ba. Wannan ya fi zargin damuna. Malam Mudassir, mayar da hularka, ya wuce. Ke kuma ɗiyata, tashi. Kin yi laifi, amma ba kowane babba ne zai iya tsayawa nan ya faɗi abin da kika faɗa ba. Na yafe maki duniya da lahira."

Mai unguwa ya buga sandarsa a ƙasa. "Kowa ya ji. Malam Gwadabe ya buɗe duronshi. Wanda ya kai labarin farko wani wuri, ya koma ya kai na biyu."

A gida Baba ya yanke wa Ramla hukunci. Wanke-wanke da shara da wankin kayan Mama duk sun koma kanta, har hannun ya warke. Ba fita wasa sai bayan sati biyu. Ramla ta ce to, ba ta yi gunaguni ba. Da aka kawo tuwo, ta cinye nata tas, har ta nemi ƙari.

Washegari ta je wurin Malama Halimatu Sa'adiyya tun kafin a shiga aji.

"Malama, akwai saura."

Malama ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ba ta dama ta tsaya a gaban aji. Ramla ta gaya wa 'yan ajin cewa baban Hajara ba shi da laifi, ita ce mai laifin. Ta ba su labarin ɗan kofin tagulla da shuɗin haske. Yaran da suka yi wa Hajara waƙa suka ba ta haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Hajara ba ta yi wa Ramla magana ba ranar nan. Washegari ma haka. Ranar Litinin, lokacin tara, ta ɓare gyaɗarta ta tura rabi gaban Ramla.

"Ci," in ji ta. "Baba ya ce in ya yafe, ni ma in yafe."

Bayan sati uku aka cire bandejin Mama. Hannun ya warke, sai ɗan tabo a bayan yatsu. Baba ya sayi jar jarka mai murfi mai ƙarfi, ya sa Ramla ta rubuta FETUR da manyan baƙaƙe a jikinta. Ya kai ta shago ya kulle, ba ta ƙara kwana a gida ba.

Tun daga lokacin Ramla ta riƙe abu biyu, kuma ya kamata kowane yaro ya riƙe su. Kada ka gauraya abin da ba ka sani ba, ko da ka ga sun yi kama. Ka tambayi babba tukuna. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Faɗan da za a yi maka ƙarami ne a kan cutar da shirunka zai jawo wa wani.